Keken Baba a Hannun Halilu

Obiageli ce ta fara kawo mini labarin, matar Ikechukwu mai gyaran keke a Sabon Gari. Wata Juma'a bayan la'asar ta shigo gidanmu na Fagge da zani ɗaya a jikinta, ita da kullum biyu take ɗaurawa, na sama da na ƙasa. Ko gaisuwa ba ta iya gamawa ba, ta zauna a kan turmi tana dariya har da riƙe ciki. Na tambaye ta ina ɗaya zanin. Ta ce in yi haƙuri, yana nan tafe, ƙanena Halilu ne ya ɗauro shi.

Sai na koma baya kaɗan, in ba haka ba ba za ku gane yadda magidanci mai gemu ya ratso Fagge cikin zanin mace ba.

Keken na Babanmu ne. Baƙi ne wuluk, mai nauyi, da kwanon ƙarfe wanda ya rufe sarƙarsa ruf. Shekara ashirin da shida Baba yana hawansa zuwa wurin awon gyaɗa, bai taɓa kayar da shi ba. Da ya rasu aka zo rabon gado, ni na roƙa a sa keken a cikin rabona. Dangi suka yi ta dariya, wai me mace za ta yi da keke. Ban ce musu komai ba. Sirdin ya lotsa daidai zaman Baba, robar hannun kuma ta cinye a inda yatsunsa suke kamawa, kuma duk cikin kayan da ya bari babu abin da ya riƙe siffarsa kamar wannan. Da mijina ya rasu na dawo gida, na ba Halilu aron keken ya riƙa zuwa aiki. Aro na ce, a gaban matarsa Mero na faɗa, har sau biyu.

Halilu masinja ne a wani ofis da ke titin da yanzu ake kira Ibrahim Taiwo. Ni na goya shi bayan rasuwar Innarmu, saboda haka ina da ikon faɗin gaskiya a kansa: zuciyarsa fara ce, amma tun yana rarrafe bai taɓa ganin abin da bai iya ba. In likita ya duba ka, Halilu zai gaya maka inda likitan ya kuskure. Sau ɗaya ya taɓa buɗe agogon bangon gidanmu, kuma tun ranar ƙarfe huɗu saura kwata ake a falon.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, Kano ta haukace da babur. Mai shara ya hau, mai gadi ya hau. Abokin aikin Halilu, Abdulmuminu na Rijiyar Lemo, ya sayi ja wur, kullum sai ya biyo ta ƙofar gidanmu ya danna ƙaho ko da ba hanyarsa ba ce. Halilu kuwa nasa rabon ya tafi a rediyo mai kaset, da tabarau, da wata babbar riga fara mai aiki har gwiwa. Da ya farga babu na babur, sai ya sanar wa majalisar ƙofar gida cewa babur abin ragwaye ne. Ya ce a ƙasar Turawa masu hankali keke suke hawa, mai giya biyar, in ka tura ta biyar ɗin ko jirgin ƙasa sai ya yi da gaske. Ya ce shi zai sa wa nasa keken giya, kuma ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai riga Abdulmuminu isa mahaɗar Bata. A gaban mutum goma sha ya faɗa. Nasa keken, in ji shi.

Ni abin da ya gaya mini shi ne zai kai a duba birki.

Ya shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu tsofaffin ƙarafa, ya samo kayan wani keken tsere da mota ta taka: faifan haƙora mai hawa biyar na ƙafar baya, da wani ƙarfe mai gaɓoɓi kamar ƙafar fara wanda ke tura sarƙa daga hawa zuwa hawa, da ɗan hannun da ake ja a canja giyar. Ya kwasa a leda ya zube wa Ikechukwu. Shi Ikechukwu ya san keken nan kamar ɗan cikinsa. Da suka dawo Kano bayan yaƙin basasa ba su da ko kujera, Baba ne ya fara tura masa keke, ya zauna a ƙasa yana jira don masu wucewa su ga an buɗe. Obiageli ta ce mijinta ya juya kayan, ya auna bayan keken da yatsu, ya ce wurin ya yi ƙunci, sarƙar ta yi kauri, kuma sai an sake ɗaure ƙafar gaba ɗaya. In dole ne, a bar masa mako biyu.

Halilu ya ce Juma'a saura kwana uku.

"To Malam Halilu, ka sayi haƙuri. Keken Baba dattijo ne, ba a koya masa rawa."

"Kai dai ka ce ba ka iya ba, Oga. Ba abin kunya ba ne. Faci da famfo kuka gada."

"Shekara talatin ina wannan aiki."

"Ni kuma na ga hotonsa a mujalla a ofis, ciki da waje."

Ikechukwu ya mayar masa da kayan cikin ledar. Halilu yana tafiya ya bi shi da magana ɗaya, ya ce ko wa ya haɗa masa, kada a kuskura a ja hannun giyar keke yana tsaye. Sai ana tafiya, ana taka feda, sannan a ja a hankali. Halilu ya ɗaga masa hannu ta baya, irin yadda ake yi wa mai talla.

Washegari da hantsi na fito zan aiki a sayo mini kuka, na tarar da zaure ya zama mahauta. Keken Baba a kife, ƙafa ɗaya a gabas ɗaya a yamma, notuna a cikin kwanon shan Mero. Na ce wannan wane irin birki ne. Ya ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki, gata nake yi masa. Da Baba yana da rai da ya sa mini albarka." Na ce da Baba yana da rai da yanzu kana bayan gidan maƙwabta kana leƙe. Na so in kwashe kayan in kai Sabon Gari, amma ban san wanne ne na ina ba, kuma shi kaɗai ya ga yadda suka fito. Haka na zauna a bakin ƙofa ina kallo, kamar mai jinya.

Faifan mai hawa biyar ya ƙi shiga, kamar yadda aka gaya masa. Halilu ya ce ƙarfen ne ya tsuke don tsufa. Ya shiga ciki ya ɗauko taɓaryata, ya cusa tsakanin ƙarafan baya, ya sa Mero ta danne sirdi, ya hau taɓaryar da dukkan nauyinsa. Na ji wata 'yar ƙara, ƙas, irin ta ƙashin kaza. Na ce mene ne wannan. Ya ce tsatsa ce take sallama.

Kwanon da ke rufe sarƙa shi ma ya tare hanya, ya ɓalle shi ya jingine. Malam Maje, maƙwabcinmu mai koyar da yara karatu, ya leƙo ya ce shi dai a saninsa wannan kwanon saboda riga aka yi shi. Halilu ya ce a'a, saboda nauyi aka yi shi, don Bature ya hana baƙar fata gudu. Malam Maje ya ce to madalla, yau an sami 'yancin kai na biyu.

Sarƙar ta yi kauri, ya zauna da magagari yana gogar ta har azahar. Wayar giyar ta gaza, ya ƙulla mata guntuwar wayar shanya. Da ya rasa man keke, ya zuba man gyaɗan da nake suyar ƙosai da shi, kafin la'asar tururuwa ta yi layi daga bakin rijiya har kan faifan, akuyar Malam Maje kuma ta shigo ta lashe hawa uku cikin biyar. Hannun giyar, wanda aka ce can ƙasa ake ɗaure shi kusa da gwiwa, Halilu ya ce ina amfanin abin da mutane ba za su gani ba. Ya ɗaure shi a sama kusa da ƙararrawa, ya kai wa dukawa suka yi masa tuntu na jar fata.

Ranar Alhamis da yamma ya gama. Ƙananan sukurori biyu suka rage a cikin kwano. Mero ta tambaye shi su kuma fa. Ya ce Turawa kan ƙara biyu saboda ɓacin rana.

To kun san al'adarmu. Wanda ya yi sabon abu ba ya fara mora sai ya kai wa manya sun taɓa sun sa albarka. Ran Juma'a tun da safe Halilu ya sa farar babbar rigar nan, ya ɗora tabarau, ya tura keken gida gida. Ya tura, ban ce ya hau ba, don ya ce ba za a ga gudunsa ba sai lokaci ya yi. Limamin unguwa ya yi bisimilla ya ja hannun giyar gaba, ya ce Allah ya sa a kashe lafiya. Mai unguwa ya ja shi baya. Ladan ya ja gaba da baya don ya ji ƙarar da kyau. Wani tsoho mai sayar da turare, wanda hannunsa ke rawa, ya riƙe abin ya yi addu'a mai tsawo yana jijjiga shi a kan kowace amin. Ni ina daga soro ina jin ƙarfen yana kuka, ƙiƙ, ƙiƙ. Na aika Mero ta tuna masa maganar Ikechukwu, don ita Obiageli ta riga ta faɗa mata a kasuwa. Ya ce a gaya mini albarka ba ta ɓata ƙarfe.

Daga nan sauran a bakin Obiageli na ji, da Malam Maje, da kuma duk wanda ya shigo gidanmu a wannan makon, don babu wanda ya zo bai kawo nasa guntun ba.

Da aka sauko daga masallaci mutane suka taru a bakin layinmu. Abdulmuminu ya tayar da babur, ya ce don zumunci ya ba Halilu ratar minti biyar. Halilu ya ce shi ne zai ba da rata, don ba ya son a ce ya zalunci mai iyali. Suka yi ta jayayya a kan wanda zai yi wa wani alfarma, har Malam Maje ya gaji ya tafa hannu ya ce su tafi.

Babur ya wuce. Halilu ya tattare riga ya ɗora a kafaɗa, ya haye, ya taka. Ashe mai turaren nan a giya mafi sauƙi ya bar abin, wadda ake hawan tudu da ita. Ƙafafun Halilu suka kama juyawa kamar mai kaɗa miya, keken kuwa yana tafiya kamar an aike shi gidan da ba ya so. Wata tsohuwa mai tallan dafaffiyar gyaɗa ta zo ta wuce shi da ƙafa, ta waiwayo ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan." Ya ce mata yana ɗumama inji ne.

Ya ja hannun giyar, sarƙa ta yi tsalle ta faɗi. Ya sauka ya mayar, hannu ya yi baƙi, ya goge a rigar ba da saninsa ba. Ya sake hawa. A karo na uku, Allah da ikonsa, sarƙar ta faɗa wani hawa na tsakiya ta zauna, keken ya miƙe. Malam Maje, da yake biye da shi a ƙafa tare da jama'a, ya rantse mini cewa na ɗan lokaci Halilu ya yi gudu na gaske, har ya saki hannu ɗaya yana ɗaga wa masu shaguna.

Sai ga surukinsa, Alhaji Abdulgani mahaifin Mero, ya fito daga wajen Kantin Kwari da carbi a hannu.

Babu ɗan mutunci a Fagge da zai wuce surukinsa a kan keke, ko da gobara ce a bayansa. Halilu ya ja birki, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gefen titi. Alhaji kuwa ba mai gajeriyar gaisuwa ba ne. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi Mero, ya tambaye ni, ya tambayi ciwon ƙafata. Sannan idonsa ya sauka a kan jan tuntun nan.

"Wannan ne abin da ake ta faɗa? Ka kai wa liman, ka kai wa mai unguwa, ni ba ka kawo mini ba."

"Ina niyyar zuwa, Baba."

"To ga ni, Allah ya hutar da kai."

Zuwa lokacin Halilu ya fara gane cewa Ikechukwu ba don hassada ya yi magana ba. Amma ya ce wa surukinsa kada ya taɓa? Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Alhaji, wanda ya yi shekara arba'in yana ɗaga dilar atamfa, ya yi bisimilla ya tura hannun giyar har ƙarshe, ya ga kamar da saura, ya ƙara da tafin hannu. Ya ce Allah ya tsare hanya. Halilu ya ce amin da wata irin murya.

Ya hau, ya hango Bata, ya hango Abdulmuminu zaune a kan babur yana shan rake, ɓawon ya taru a gabansa. Zuciya ta ɗebe shi. Ya miƙe tsaye a kan feda ya taka da ƙarfinsa duka, daidai tsakiyar mahaɗar, inda motoci suka cushe. Rigar ta zame daga kafaɗa. Ƙarfen nan mai kamar ƙafar fara, da Alhaji ya tura har inda ba a zuwa, ya shige cikin wayoyin ƙafar baya. Daga baya Ikechukwu ya ce ƙananan sukurorin nan biyu aikinsu ke nan, su hana shi wuce iyaka. Sarƙa kuma, da babu kwanon da zai rufe ta, ta cafki gefen rigar ta yi ta naɗewa har ta jawo wuyan Halilu zuwa sirdi. Keken ya tsaya cak. Obiageli, da take sayar da lemo a bakin wurin, ta ce ya daɗe a tsaye a haka, shi bai sauka ba shi bai tafi ba, sannan suka kwanta tare a hankali a gaban wata motar haya.

Bai ji ciwo ba, Alhamdu lillahi, sai gwiwa da ta ɗan goge. Amma ya kasa tashi, don shi da keken sun zama abu ɗaya. Direbobi suka yi ta danna ƙaho. Masu dako suka zo suka ɗaga su tare, mutum da keke, suka ajiye a gefen tiren lemon Obiageli. Aka ja rigar ta ƙi. Aka juya feda baya, ta ƙara shaƙe shi. Yana kwance yana ba da umarni, wai a kawo sifana mai lamba goma, shi ya san inda matsalar take. Wani tela daga Kantin Kwari ya ce shi lambar almakashi kawai ya sani. Ya yanka rigar daga wuya har ƙasa. Da aka zo wando, ashe shi ma ƙafarsa ɗaya ta shiga, har da mazagi. Telan ya dubi Halilu, Halilu ya dubi sama, aka yanka.

Abdulmuminu ya matso da guntun rakensa, ya ce, "Wace giya ce wannan, ta biyar ɗin?"

Obiageli ce ta ji tausayinsa ta kwance zaninta na sama ta rufa masa. Abdulmuminu ya ce ya hau ya kai shi gida, Halilu ya ce shi ba ya hawa abin ragwaye. Haka ya taho a ƙasa, da singileti da tabarau da zani mai zanen kifi, jama'a na biye, masu dako biyu ɗauke da keken a baya.

Da suka shigo ban kalli Halilu ba. Keken na nufa. Ƙafar baya ta lanƙwashe kamar faifan tuwo da aka zauna a kai, tsummokaran farar riga cushe a cikin haƙora. Na shafa ƙarfen baya, daidai inda taɓarya ta shiga, na ji ya tsage, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa. A nan dariyar da Obiageli ta sa ni ta ƙare. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don ba na son Mero ta ga babbar mace tana kuka a kan ƙarfe. Ta cikin ƙofar ina jin Halilu yana yi wa masu jaje bayani a tsakar gida, wai lissafinsa daidai ne, giya biyar ce ta yi wa ƙarfinsa kaɗan, mai goma ya kamata ya nema.

Da gari ya waye na yi sallah, na ɗaura mayafi, na sa aka ɗora keken a amalanke tare da kwanon sarƙar da tsofaffin kayansa da na tsince ɗaya ɗaya daga zaure. Da kaina na bi shi har Sabon Gari. Ikechukwu ya duba tsagar. Ya ce zai kai a yi walda, zai mayar da komai yadda yake, giya ɗaya, amma wutar za ta cinye fentin wurin, tabon ba zai ɓace ba, kuma kada a ƙara ɗora masa kaya mai nauyi. Na ce ya yi, ba wanda zai ƙara hawansa, a ɗakina zai zauna. Na mayar wa Obiageli zaninta a wanke a ninke.

A hanyar dawowa na tsaya wajen masu takalma. Na san ƙafar Halilu tun tana shiga tafin hannuna, kuma na san daga Fagge zuwa ofishinsu akwai 'yar tafiya, safe da yamma. Na zaɓi mai taushin ciki, saboda yana da kanta a ɗan yatsan hagu. Na same shi a zaure yana zana wani abu a ƙasa da tsinke, ya ɗago zai fara yi mini bayani. Na ajiye takalman a kan zanen, na ce ya gwada, in sun matse shi mai kantin ya ce a mayar kafin azahar.